Mijin Uwa a Bakin Kwata

Lammert Oosting bai taɓa riƙe igiyar jirgi ba a rayuwarsa, kuma duk ruwan da ya wuce masa gwiwa ba abokinsa ba ne. Mutumin tudu ne, daga can gabas inda ba a ganin komai sai gonakin dankali. Aure ne ya kawo shi wannan ƙaramin gari na Friesland da tafkuna suka yi wa ƙawanya. Ya buɗe shagon tabarau a gefen coci, ya tare a gidan Marrit, wadda mijinta Sibe ya rasu da ciwon zuciya 'yan shekarun baya, ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Rinske.

Shekarun Rinske goma sha biyar, kuma tun ranar da Lammert ya shigo gidan da akwatunansa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Shi da ma ya gwammace ta ɗaga. Wucewa take yi ta gefensa kamar yadda ake wuce kujera. Abu ɗaya ne ke sa fuskarta ta saki, wato ranar Asabar, in ta sa shuɗiyar riga ta ɗaura ɗankwali a wuya ta hau keke zuwa rumfar 'yan sikawut na ruwa. Ubanta ne ya kafa ƙungiyar shi da wansa Auke, kuma tun da Sibe ya rasu Auke ke riƙe da ita shi kaɗai. Kyaftin ake kiransa, har iyayen yara haka suke ce masa.

A taron iyaye na ƙarshen kaka, Kyaftin ya miƙe ya ce mataimakansa biyu sun bar gari, kuma ba a yarda yara su hau ruwa ba sai da isassun manya. In ba a sami wanda zai ba da Asabar ɗinsa kyauta ba, rufe rukunin manyan yara za a yi. Iyaye suka shiga kallon takalmansu. Marrit tana aikin Asabar a gidan kula da tsofaffi, don haka ba halinta. Lammert ya waiwaya ya ga yadda Rinske ta ƙanƙame hannun kujera, sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Ni zan zo."

Auke ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya juya ga na kusa da shi ya faɗi wata magana da yaren garin, wanda ya san Lammert ba ya ji. Mutane suka yi dariya suna rufe baki.

"Wa ya aike ka?" in ji Rinske daga kujerar baya, suna shiga mota.

"Na ji za a rufe rukuninku."

"To sai me? Naka ne? Gidanmu ka shigo, kujerar Babana ka haye, yanzu rumfar ma sai ka biyo ni?"

"Rinske!" in ji Marrit.

"Ƙarya na yi, Mama? Ko iyo bai iya ba."

"Na iya," in ji Lammert. "Kaɗan."

Ta ja tsaki ta juya wa taga fuska har suka isa gida.

Lokacin sanyi ba a hawa ruwa. Kwale-kwalen ƙungiyar na ƙarfe ne, an jawo su tudu an kife a cikin rumfa. Asabar ta farko, Lammert ya iske Auke tsaye a ƙofa, ƙaton mutum mai jan wuya, hannayensa kamar cebur.

"A'a, mai tabarau, ka zo? Na ɗauka za ka kwana ka tashi hankalinka ya dawo." Ya miƙa masa guntun ƙarfe na kankare tsatsa. "Ga tsatsa nan. Mu ga ko idon da kake gyara wa mutane kai naka yana gani."

Haka ya yi sanyin nan kaf a durƙushe, yana kankarar tsatsa. Yara suna can ɗakin ciki kusa da murhu ana koya musu ƙullin igiya, shi yana waje inda numfashi ke fita kamar hayaƙi. In ya gama gefe guda sai Auke ya zo ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Sake," ya wuce. Ba ya kiran sunansa. Yara ma suka ɗauka, daga "mai tabarau" sai "mai tabarau". Rinske kuwa in ya shigo ta wannan ƙofa, ta waccan take fita.

Akwai kwale-kwale ɗaya mai kore da fari, an rubuta Sibe a goshinsa. Wata rana Lammert ya ga tsatsa ta fara cin gindinsa, ya ɗora ƙarfe zai kankare. Bai san daga ina Auke ya ɓullo ba, sai ji ya yi an damƙe masa wuyan hannu.

"Wannan ba ka taɓa shi," in ji Auke a hankali, bakinsa dab da kunnen Lammert. "Abin Sibe da ka taɓa ya isa haka."

Mutum ɗaya ce ke masa magana kamar ɗan Adam, ita ma ba da taushi ba: Inna Griet, tsohuwar da ke dafa wa yara miyar wake mai kauri tun kafuwar ƙungiyar. Ran nan ta dangwara masa kwano ta tsaya a kansa.

"Kai ma akwai taurin kai. Me kake nema a nan da ba ka samu a gida ba?"

"Yarinyar," in ji shi.

"To ka yi ɓatan kai. Nan wurin ubanta ne, ko ƙusa ka zare a bango shi ya kafa ta. Sha miyarka kafin ta daskare."

Da ƙanƙara ta narke aka mayar da jirage ruwa. Lammert ya zaci za a bar shi a tudu yana naɗe igiya, amma Auke yana da wani shirin. Rinske ce ke riƙe da sandar tuƙi a jirgin ubanta, tana da yara biyar a ƙarƙashinta, kuma nan Kyaftin ya ce mai tabarau ya shiga.

"Baffa, don Allah," in ji Rinske.

"A kan ruwa ba ni da 'yar ɗan'uwa. Kyaftin za ki ce. Shiga da shi, ai ɗan gidanku ne."

Ba su yi nisa ba Rinske ta yi kiran juyawa. Yara duk suka sunkuya, Lammert bai san dalili ba, sai sandar da ke riƙe gindin ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi ta zagayo ta make shi a ƙeya. Ya miƙe yana dafe kai, ya cafki igiyar da ta zo hannunsa ya ja, ƙyallen gaba ya sake yana faɗa-faɗa. Jirgin ya yi tangal-tangal. Auke yana biye da su a ɗan jirginsa mai inji, ya ɗaga lasifika yadda duk tafkin zai ji.

"Rinske! Buhun dankalin nan da kika ɗauko, ajiye shi a tsakiya ko ya yi miki amfanin nauyi!"

Yaran sauran jirage suka kwashe da dariya. Kunnuwan Rinske suka yi ja wur. Ba ta dubi Lammert ba, ta ce ta tsakanin haƙora, "Zauna. Kar ka taɓa komai. Ko tari ya zo maka ka haɗiye."

Ya zauna. Kafin su dawo kwata, inda ake ɗaure jirage, ya yi amai sau biyu a gefen jirgi.

Da wani ne, da ya daina zuwa daga ranar. Lammert ya dawo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Ya sayi guntun igiya yana ƙulle-ƙulle a shago in babu masu saye. A hankali ya gane lokacin sunkuyawa, ya san wace igiya ce ta wane ƙyalle, cikinsa ma ya daina tashi. Ba wanda ya yaba, shi ma bai sa rai ba. Amma zaman tsakiyar jirgi shiru ya sa ya ga abin da sauran ba su kula da shi ba. Duk yaron da ya yi kuskure, Auke zai daka masa tsawa, an jima ya daddaɓa masa kafaɗa a wuce wurin. Ban da Rinske. In ta yi daidai sai ya ce, "Ubanki da yana kamarki da ido rufe yake yin wannan." In ta kuskure kuwa, sai ya yi ta maimaitawa har a tashi. Yarinyar ta rame, tafin hannunta duk kanta da tsagar igiya, kuma ran Juma'a ba ta iya cin abincin kirki.

Ya yi wa Marrit maganar suna wanke kwanuka.

"Baffanta ne, Lammert. Jininsa ce. Tun da Sibe ya tafi ba shi da wani abin kallo sai ita."

"Ba kallonta yake ba, matse ta yake."

"Na sani. Amma ka rufa mini asiri ka fita daga ciki. In ka sa baki, su biyun kanka za su juyo."

Farkon bazara aka yi gasar shekara, ranar da ƙungiyoyin garuruwan da ke kewaye da tafkin ke haɗuwa. Bana a kwatarsu aka yi. Iyaye suka cika gadar katakon da jirage ke tsayawa a gefenta, da lemuka da kofi a gora, Inna Griet tana soya fanke a ƙarƙashin laima. Iska ta tashi tun safe, irin mai zuwa a fusace ta lafa ta sake dawowa. Aikin da aka ba Lammert shi ne ya tsaya a kwata ya cafe igiyar duk jirgin da ya dawo ya ɗaure.

Jirgin Sibe ne a gaba tun daga farko. Auke yana bakin gada da madubin hangen nesa a ido, yana buga ƙafa. A juyi na ƙarshe iska ta kawo wani irin bugu, jirgin ya kwanta har ruwa ya fara shiga ta gefe. Lammert ya ga ƙyallen ya saki, jirgin ya miƙe ya rage gudu, ya juya goshi cikin iska ya tsaya cak. Jirgi ɗaya ya wuce su, na biyu ya wuce, na uku ma. Auke ya sauke madubin, wuyansa ya kumbura.

Da suka iso aka ga dalili. Ymke, ƙaramar cikinsu wadda ba ta daɗe da shiga rukunin ba, igiya ce ta naɗe mata yatsu ta kusa tsinke su, tana kuka jini na ɗiga a rigarta. Rinske ta saki ƙyalle ne don igiyar ta yi sako-sako a zare hannun. Uwar Ymke ta ɗauke 'yarta ta yi wajen akwatin magani da ita. Lammert ya ɗaure jirgin. Rinske tana taka gada Auke ya tare ta.

Wannan karon bai yi da yaren gari ba. Ya yi da harshen da kowa zai ji, har baƙi, har Lammert.

"Me kika yi ke nan?"

"Hannun Ymke ne, Kyaftin, igiya ta..."

"Yara huɗu gare ki ban da ita! Ba mai wuƙa a cikinsu? Sai ki tsayar da jirgi kina gaba? Tsoro kika ji, faɗi gaskiya. Iska ta buga kika tsorata kika fake da yarinya."

"Ban ji tsoro ba."

"Rufe mini baki! Gara da ƙasa ta rufe idon ubanki bai ga wannan abin kunya ba." Ya nuna Lammert da haɓa. "Zaman gida ɗaya da wancan lusarin ya mayar da ke irinsa. Wannan ba 'yar Sibe ba ce. Agolar mai tabarau ce."

Rinske ba ta yi kuka ba, sai dai ta kafe idonta a kan katakon da take tsaye.

Lammert mutum ne da ko a makaranta bai taɓa dambe ba. Aikinsa duk na lallaɓa ne, ƙananan kusoshi da gilasai. Daga baya ya yi ta ƙoƙarin tuna lokacin da ya yanke shawara, bai samu ba. Ya dai san ya taka uku ko huɗu, ya sa tafukansa biyu a ƙirjin Auke ya tura da duk ƙarfin da sanyin nan na kankarar tsatsa ya tara masa.

Da ruwa ne zalla a bayan Auke da abin ya tsaya a jiƙewa da dariya. Amma jirgin Sibe na nan ɗaure. Auke ya faɗa tsakanin gada da jirgi, kafaɗarsa ta daki bakin ƙarfe da wata ƙara da kowa ya ji, ya nutse. Iska tana turo jirgin yana matsowa zai rufe ramin da ya faɗa.

Iyaye suka hau ihu. Rinske ce ta fara motsi.

"Jelle, Hidde, ku tokare jirgin da ƙafa! Ku tura! Ke, miƙo ƙugiya!"

Yaran suka yi abin da Kyaftin ɗin da kansa ya sha sa su maimaitawa. Biyu suka tokare jirgi, Rinske ta kwanta rub da ciki ta saƙalo wuyan rigarsa da ƙugiya, wasu iyaye maza suka kama aka jawo shi kan gada. Yana tari yana fitar da ruwa, hannunsa na dama yana reto kamar ba nasa ba, tabaran da yake sanye da shi ya tafi ƙasan tafki. Lammert yana tsaye inda yake, hannayensa a gaba har yanzu, yana kallonsu kamar na aro.

Rinske ta miƙe, gaban rigarta sharkaf. Ta zo dab da shi, karo na farko da ta dube shi ido cikin ido.

"Na ce ka rama mini?"

"Abin da ya faɗa miki..."

"Ni ya faɗa wa! Ni da baffana ne! Yanzu duk garin nan za a ce mijin uwata ya karya ɗan'uwan Babana saboda ni. Ka ji daɗi? Kai wane ne ma? Wane ne kai a wurina?"

Ta bi motar da ta ɗauki Auke zuwa asibiti, shi kuma ya ratsa ta cikin mutane ya fita, kowa yana janye jiki kada ya goge shi.

Labarin ya riga shi isa gida. Marrit tana tsaye a ɗakin girki ko rigar aiki ba ta cire ba.

"A gaban yara, Lammert. A gaban yaran mutane. Da kansa ne ya daki ƙarfen fa? Na roƙe ka, da bakina na roƙe ka."

"Kin ji abin da ya ce mata?"

"Ko me ya ce!"

Ya maimaita mata kalma bayan kalma. Marrit ta ja kujera ta zauna. Can ta miƙe ta ɗauki makullin mota. Ba ta ce ga inda za ta ba, shi ma bai tambaya ba. Da ta dawo idanunta sun yi ja, muryarta ta dushe kamar wadda ta yini tana ihu. Abin da kawai ta ce shi ne, "Kar ka ɗauka don na je wurin Auke na yafe maka ne."

Kwamitin ƙungiya ya zauna cikin makon. Auke ya zo da hannu rataye a wuya, ƙashin kafaɗa ya tsage. Aka ce Lammert ya ba shi haƙuri a gaban kowa.

"Na yi nadamar yara sun gani," in ji Lammert. "Na yi nadamar ya ji ciwo. Amma haƙuri, sai ya fara ba yarinyar tukuna."

"Kun ji ko?" in ji Auke. "Ku kore shi kafin in kira 'yan sanda."

Inna Griet, wadda ba ta cikin kwamiti, kofi kawai ta kawo, ta ajiye buta da ƙarfi. "Ku kore shi, ya cancanta. Amma kai Auke, a kan idona Sibe ya kafa rumfar nan, kuma da yana raye shi zai jefa ka, ba sai baƙo ya taya shi ba."

Aka kori Lammert, aka hana shi taka kwata. Auke aka ja masa kunne da baki kawai. A gari kuwa, mutanen da ke gaishe shi a gidan burodi suka koma duban rufi in ya shigo. A gida Rinske ta koma ɗaukar abincinta zuwa ɗaki. Kowace Asabar dai yana jin ta fita da sassafe da shuɗiyar rigarta, ba ta dawowa sai yamma liƙis, a gajiye.

Bayan 'yan makonni ƙararrawar ƙofar shago ta kaɗa, ya ɗaga kai ya ga Auke ya cika ƙofar, hannu a rataye, sanye da wani tsohon tabarau na mata mai jan gefe.

"Kar ka ɗauka don Allah na zo," in ji Auke. "Ba na iya tuƙi zuwa birni da hannu ɗaya, kuma na gaji da sa na matata. Kai ka jefar da nawa, kai za ka yi wani."

"Zauna can."

Gwajin ido aiki ne na kusa da kusa. Lammert ya jawo kujerarsa har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa, yana jin warin taba da man jirgi a jikin mutumin. Ya ɗora masa gilasan gwaji a hanci.

"Karanta layin ƙasa."

"Ba na gani."

"Yanzu fa?"

"Ya fi. Ina ganin fuskar matsoraci tar, mai ture mutum ba shiri."

"Allon za ka duba, ba ni ba."

Auke ya karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar yana tofar da su. Da aka gama ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"To burinka ya cika. Ka raba ta da jirgin ubanta. Tun ranar gasa ba ta ƙara taka rumfa ba, ko waya ba ta ɗauka. Jirgin na nan ɗaure ruwan sama na taruwa a ciki."

Lammert ya ci gaba da goge gilashi don kada fuskarsa ta tona shi. "Ka dawo ran Talata ka karɓa," in ji shi.

"Matata za ta zo. Ni na gama ganinka."

Asabar ta gaba aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Lammert ya iske Rinske a rumfar kekuna tana ɗaura leda a kan jakarta.

"Ba wurin baffanki kike zuwa ba," in ji shi.

Ta ɗago a fusace. "Bina kake yi?"

"Shi ya faɗa mini. Ban gaya wa mamanki ba."

"To gaya mata mana. Ai ka iya shiga abin da ba ruwanka." Ta ja ledar har ta yage, ta yi jifa da ita. Tana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano ta ce, "Tsallaken tafki nake zuwa. Wurin waɗanda suka cinye gasar. Shugabarsu ta ga abin da na yi da Ymke, ta ce in ina so in zo su gwada ni."

"A keke? Ai sai kin zagaye tafkin gaba ɗaya."

"Ƙafata ce ko taka? Can ba wanda ya san Babana. Ba 'yar marigayi, ba agolar kowa. Rinske kawai. Kuma ba wanda zai ture wani a ruwa saboda ni."

"Zan kai ki a mota."

"Allah ya kiyaye."

Ta fitar da keken cikin ruwan, ta hau, iska ta kusa kifar da ita tun kafin ta kai bakin titi. Ta sauka ta tsaya, gashinta ya manne a goshi. Sannan ta jawo keken ta dawo ta jingine shi da ƙarfi.

"A kwanar kafin rumfarsu za ka sauke ni. Ba ka fitowa. Ba ka gaisa da kowa. In an tambaya, ban san ka ba."

"Na ji."

"Kuma ba magana a hanya."

Haka aka yi, ranar da sauran Asabar ɗin bazarar. Da Marrit ta ji, kuka ta yi, sannan ta je da kanta ta ga shugabar tsallaken. Auke ya ci gaba da riƙe ƙungiyarsa, ko da yake wasu iyaye sun janye 'ya'yansu, uwar Ymke ce ta farko. Kafaɗar ba ta koma daidai ba, hannun ba ya ɗaguwa sama da kai, kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuna shagon tabarau da haɓa. Shi da Lammert ba su ƙara magana ba. In sun haɗu a titi, ɗaya ne ke tsallakawa. Rinske ta koma gaishe da baffanta bayan wani lokaci, amma jirgin ubanta ba ta ƙara hawa ba.

A mota kuwa kujerar baya take zama, ta jingina kai da taga, Lammert yana tuƙi shiru kamar yadda aka sharɗanta masa. Sai wata Asabar ta ƙarshen bazara, suna dawowa, tana warin ruwa da man shafawa na kare zafin rana, ya ji ta yi gyaran murya.

"Turawar ma ba ka iya ba," in ji ta, idonta a waje. "Mutum ya duba bayan wanda zai ture mana. Da ka bari ya matsa gaba kaɗan, ruwa kawai zai sha."

Lammert ya buɗe baki zai amsa.

"Ban ce ka yi magana ba," in ji ta.

Ya rufe bakinsa, ya sa sigina ya karya kwanar gida.